Kafin Ka Sa wa Tsohuwar Fijo Fawa Sitiyari

Har yau ba a rasa Fijo 504 a titunan Kaduna da Zariya da Kano. Wata gado ce daga mahaifi, wata kuma mai ita ne ya ƙi rabuwa da ita. A 1968 Faransa ta fito da wannan mota, kamfanin PAN na Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a nan shekaru masu yawa bayan Turai ta daina yin ta. Akasarin waɗanda suka shiga hannun jama'armu ba su da fawa sitiyari. Matashin da ya saba murza Corolla da yatsa ɗaya, ranar da ya kama 504 zai yi fakin, sai ka ji ya ce, "Wannan ai sai a kai ta gareji a sa mata fawa." Kanikawa da yawa kuwa ba za su ce a'a ba.

Tambayar farko ita ce, me ya sa sitiyarin ya yi tauri? Waɗanda suka ƙera motar ba su yi ta don 'yan dambe kaɗai ba. Sun ba ta kan sitiyari mai faɗi domin hannu ya sami ƙarfin murzawa, suka sa mata siraran tayoyi, suka kuma tsara rak ɗin yadda sai an yi juyi da yawa kafin ƙafa ta kai ƙarshe. Da zarar ta fara tafiya, nauyin ya kau. Idan taka tana da tauri har a kan gudu, akwai abin da ya lalace ko aka canza. Sau da yawa iskar tayar gaba ce ta yi ƙasa. Wani lokaci giris ya bushe a rak, ko robar da ke rufe shi ta yage ƙurar hunturu ta shige, ko bol-jon ya ci, ko saitin ƙafa ya goce. Akwai kuma masu cire kan sitiyarin asali su ɗora ɗan ƙarami na gayu, su ƙara da faffaɗan tayoyi, sannan su dawo suna kukan mota ta yi nauyi. Duk waɗannan gyaransu bai kai kuɗin fawa ba. Wanda ya ɗora fawa a kan ƙafar da ta lalace ya ɓoye cutar ne kawai, ba zai ƙara jin gargaɗinta a hannunsa ba.

Fawar iri biyu ce. Ta mai, wadda Chrysler Imperial ta fara kawowa kasuwa a Amurka a 1951, tana aiki da famfo da bel ke juyawa daga inji, yana tura mai ta tiyo zuwa rak. Kafin a dasa ta a tsohuwar mota sai an nemo wa famfo mazauni, an ƙara bel, an canza rak ɗin. Idan tiyo ya fashe man ya fesu a kan salansa mai zafi, wuta na iya tashi. Idan bel ya tsinke ana cikin kwana, sitiyarin zai yi nauyi nan take, ya fi na asali tauri, domin rak ɗin fawa ba don ƙarfin hannu kaɗai aka tsara shi ba.

Ta lantarki ita ake yayi yanzu, kuma a nan hankalina ya fi tashi. Ana zuwa kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa a sayo sandar sitiyarin wata ƙaramar mota da aka farke, mai ɗauke da injin lantarki, a yanke sandar tsohuwar motar, a haɗa su da walda. Ku tsaya ku yi tunani: wannan sanda ita kaɗai ce tsakanin hannun direba da tayoyin gaba. Birki idan ya ƙi, akwai giya, akwai birkin hannu. Sandar sitiyari idan ta ɓalle a wurin walda, babu na biyu. Ban da haka, a motarta ta asali na'urar tana karɓar labarin gudu, ta ba da taimako sosai wurin fakin, ta janye idan an hau babban titi. Tsohuwar Fijo ba ta da mai aika mata wannan labari. In ba a yi mata tanadi na musamman ba, taimakon ba zai bi gudun motar ba, kuma sitiyarin da ya yi sakwaf a hanyar Zariya, tirela na wucewa da iskarta, ɗan motsin hannu ya isa ya kai mota daji. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wutar da take ja ma ba kaɗan ba ce; tsohuwar altanaita da wayoyin da suka shekara 40 ba lallai su ɗauka ba, balle a ce mai wayarin ya haɗa ba fiyus.

 

Ba na cewa fawa haramun ce. Dattijon da kafaɗa ko gaɓɓai suka fara ciwo, kuma kullum yana cikin cunkoson gari, gara a sa masa da a ce ya ajiye motar da yake ƙauna. Amma a fara da gyaran ƙafa gaba ɗaya, a yi mako ana tuƙawa, a ga ko har yanzu akwai buƙata. In akwai, a nemi kayan da aka ƙera don irin motar, waɗanda ake ɗaurewa da noti, a ba bakaniken da ya taɓa yin aikin kuma zai iya nuna motar da ya yi wa. A ajiye tsofaffin kayan da aka cire, domin masu sayen tsofaffin motoci sun fi daraja wadda za a iya mayarwa yadda ta fito daga kamfani. A daina murza sitiyari mota na tsaye cik, domin fawa ta sauƙaƙa wa hannu ne, tayarod da bol-jon su ke shan wahalar.

Duk bakaniken da ya ce maka zai yanka sandar sitiyari ya yi mata walda, karɓi makullinka ka yi gaba.