Digiri Daga Rumfar Kasuwa: A Tambayi Ijaza Tukuna

A zauren ilmi ba a sallama wa mutum karatunsa sai an ji wurin wane malami ya ɗauko shi. To, haka sha'anin digiri yake.

Yau ɗan kasuwa a Ƙanƙara, ko malamin allo a Faskari da Sabuwa, yana iya neman digiri ta intanet, bai rufe rumfa ba, bai sallami almajirai ba. Amma fa makarantun nan akwai mai ijaza, akwai ta jabu.

Mai ba jami'a ijaza a Nijeriya ita ce Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC. Cikin waɗanda ta yarda da su akwai NOUN, jami'ar karatu daga gida, mai cibiya a Katsina, da sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo nasa a Kwatano cikin mako shida.

Saboda haka, kafin mutum ya sayar da masararsa ya biya kuɗin makaranta, lalle ya nemi sunanta cikin jerin NUC, ya kuma tabbata an yarda da fannin da zai karanta. Allah Ya kiyaye gumin bayinSa, amin.