Benzin: gubar da ke cikin man fetur

Mutanen Anka da Bukkuyum sun ɗanɗana illar gubar da ido ba ya gani a 2010, lokacin da dalmar haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400. Akwai wata kuma da ake shaƙa kullum a bakin titi, daga Anka har Gummi: benzin.

Sinadari ne mai ɗan ƙamshi, wanda ƙwayoyin kabon shida suka haɗu a cikinsa kamar zobe. Michael Faraday ne ya fara ware shi a Ingila a 1825. Shi da 'yan uwansa tolwin da zailin suna ƙara wa fetur inganci, daga gare shi kuma ake yin robobi da sinadarin sabulun gari, irin wanda matatar Kaduna ta fara samarwa a 1988.

Abin tausayi shi ne ɗan bumburutu da bakanike, masu zuƙar mai da baki ta tiyo, su kuma wanke hannu da shi. Benzin yana lalata ɓargo, inda jini ke samuwa, har ya kai ga sankarar jini. Don Allah a daina zuƙar fetur da baki, a kuma fitar da jarkoki daga ɗakin da yara ke kwana.