Citta, Kabewa Da Kofin Jan Ƙarfe: Kimiyyar Da Ke Cikin Wani Abin Sha Na Amurka

A ƙasar Amurka, da zarar watan Satumba ya kama, ganyen itatuwa ya fara ja yana zuba, sai kasuwanni su cika da kabewa, domin lokacin kakarta ke nan. Daga nan har zuwa ƙarshen Nuwamba kusan babu abin ci ko na sha da ba a yi masa irin na kaka, wato a zuba masa haɗin kayan ƙamshin da suke kira yajin kabewa. Cikin abubuwan da ake yi wa haka har da wani haɗin barasa da aka laƙaba wa suna Alfadarin Mosko, wanda ake yi da bodka da giyar citta da lemun tsami, a miƙa shi cikin kofin jan ƙarfe. Ko da mutum bai taɓa kusantar barasa ba, akwai abin sani a cikin wannan kofi, domin mafi yawan abin da ke cikinsa kayan da aka saba gani ne a madafa.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne, an ƙirƙiro haɗin a wajen shekarar 1941, lokacin da John Martin, wanda kamfaninsa ya sayi bodkar Smirnoff ya rasa masu saye, ya haɗa kai da Jack Morgan, mai gidan cin abinci na Cock 'n' Bull a birnin Los Anjalas, wanda shi kuma giyar citta ta yi masa kwantai. Yadda ake yin na kaka ba wuya. Ana dafa kabewa a niƙe ta, a tafasa ta da sukari da kayan ƙamshi har ruwan ya yi kauri, a tace. Sa'an nan a zuba cokali ɗaya ko biyu a kan ƙanƙara, a ƙara bodka kimanin mililita 60, a matse rabin lemun tsami, a cike kofin da giyar citta. Da yawa sukan bar bodkar, su sha sauran yadda yake.

Abin mamaki shi ne babu ko ɗigon kabewa a cikin yajin kabewa. Kabewa ba ta da wani ƙamshi mai ƙarfi, abin da take bayarwa kauri ne da launi, launin kuwa daga sinadarin karotin yake, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Ƙamshin da Amurkawa ke dangantawa da ita na kirfa ne da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, wani lokaci da wani ɗan itace na tsibirin Jamaika mai kama da masoro. Kamfanin McCormick ya fara sayar da haɗin a gwangwani a 1934. Kamfanin Starbucks kuwa, wanda ya fito da kofi mai wannan yaji a 2003, bai sa kabewar gaske a ciki ba sai a 2015. Kowane ɗaya daga kayan nan yana da sinadarin da ke ɗauke da ƙamshinsa. Na kanumfari shi ne yujinol, wanda ke kashe zafin ciwo, shi ya sa likitocin haƙori suka daɗe suna aiki da shi. Na gyaɗar ƙamshi kuwa, miristisin, a ɗan barbaɗe ba ya komai, amma wanda ya ci cokali biyu ko uku na garin zai iya samun jiri da amai da bugun zuciya da ruɗewar hankali.

Citta ita ce ƙashin bayan haɗin, kuma a nan ne kimiyyar ta fi daɗi. Yajin ɗanyar citta yana fitowa ne daga sinadarin jinjarol. Idan aka shanya ta ta bushe, jinjarol yakan saki ƙwayar ruwa ɗaya daga jikinsa ya rikiɗa ya zama shogawol, wanda ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Idan kuwa aka dafa ta, wani kashi nasa yakan koma zinjaron, mai sauƙin yaji da ɗan ƙamshin zaƙi. Wannan ne dalilin da ya sa busasshiyar citta ta fi ɗanya kama maƙogwaro, wanda duk mai dama kunu ya sani tun kafin masana su ba abin suna. Cittar da ake nomawa a Kaciya da Jaba da Kagarko a kudancin jihar Kaduna ta yi suna a kasuwar duniya saboda ƙarfin yajinta, kuma a tsage a bushe ake fitar da mafi yawanta. Cutar da ta afka wa gonakin yankin a daminar 2023 ta sa farashinta ya yi tashin gwauron zabi.

To, me ya sa baki ke jin zafi alhali abin shan da ƙanƙara yake? A 1997 David Julius da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko suka gano wata 'yar ƙofa a jikin jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, wadda ake kira TRPV1. Aikinta shi ne ta buɗe idan zafi ya kai wajen digiri 43, ta sanar da ƙwaƙwalwa cewa ana ƙuna. Sinadarin barkono da na citta suna buɗe ta ba tare da wani zafi ba, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da hanyar bambance saƙon gaskiya da na bogi. Julius ya sami kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian a kan wannan fanni. Har ila yau an gano cewa barasa tana sauko da ma'aunin buɗewar ƙofar zuwa wajen digiri 34, ƙasa da ɗumin jikin mutum, watau zafin bakin mai sha kaɗai ya isa ya buɗe ta. Ɗumin da mashayi ke ji a jikinsa a daren sanyi ma yaudara ce, domin barasa tana buɗa hanyoyin jini na fata, zafin cikin jiki ya riƙa fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Ita giyar citta a Ingila aka fara yin ta a ƙarni na 18, kuma giya ce ta sosai a wancan zamani. Ana jiƙa citta da sukari da lemun tsami a ruwa, a jefa wasu 'yan dunƙule masu santsi kamar dafaffiyar shinkafa, waɗanda gidaje ke gadon su suna raba wa maƙwabta. A 1892 masanin tsirrai Harry Marshall Ward ya nuna cewa dunƙulen nan halittu biyu ne ke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, yisti da bakteriya, ɗaya na samar da iska da barasa, ɗaya na samar da tsami. Mafi yawan abin da kamfanoni ke sayarwa yau da wannan suna lemo ne kawai da aka ɗura wa iska da inji, barasar cikinsa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ko ma babu ita sam. Akwai dai masu barasa, don haka karanta takardar jikin kwalba ya zama dole.

Lissafin tsimuwa bai da wuyar fahimta. Idan yisti ya cinye giram 180 na sukarin gulukos, yakan fitar da giram 92 na barasa da giram 88 na iskar kabon. A taƙaice, duk giram 17 na sukari da ya tsimu a cikin lita ɗaya yana ba da kusan kashi 1 cikin ɗari na barasa, giram 10 kacal kuma yana fitar da iskar da ta haura lita biyu da rabi. A kwalbar da aka toshe iskar ba ta da wurin zuwa, shi ya sa Turawan da suke zuba giyar a kwalaben yumɓu masu kauri suna ɗaure toshiyar da igiya ko waya. Wannan lissafi bai tsaya a Ingila ba. Yisti yana nan a bawon citta da cikin iska, kuma ya fi sauri a wajen digiri 30 zuwa 35. Lemun citta na gida da aka sa wa sukari aka rufe a gora, aka bar shi kwana biyu ko uku a zafin bazara, zai iya fara tsimuwa ko da ba wanda ya yi niyya. Alamominsa su ne gorar ta yi tauri, ta yi tsaki idan an buɗe, kumfa na tasowa daga ƙasa. Tafasa ruwan cittar, da wanke gora da kyau, da ajiyewa a sanyi suna rage wannan ƙwarai, amma firiji yana rage wa yisti gudu ne kurum, ba ya kashe shi.

Saura kofin. Jan ƙarfe yana ɗaukar sanyi nan da nan, shi ya sa leɓe ke jin abin shan ya fi sanyi, amma ba ya shiri da tsami. Ruwan lemun tsami yana wajen 2 zuwa 2.5 a ma'aunin pH, ƙa'idar abinci ta Amurka kuwa ta hana duk abin da ke ƙasa da 6 ya taɓa tsuran jan ƙarfe, domin tsami yana narkar da shi a hankali ya shiga abin sha. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce miligiram 2 a lita, idan ya yi yawa yakan jawo tashin zuciya da murɗar ciki. A 2017 hukumar kula da barasa ta jihar Ayowa ta gargaɗi masu gidajen sha a kan haka, ta ce a yi amfani da kofunan da aka shafe cikinsu da nikel ko farin ƙarfen da ba ya tsatsa. Hukuncin ɗaya ne ga zoɓo da kunun tsamiya da lemun citta, idan aka bar su suka jima a kwanon jan ƙarfe ko na tagulla wanda ba a shafe cikinsa ba.