Manhajojin da Marubutan Hausa Ke Aiki da Su, da Yadda Littafi Zai Tsira Daga Ɓacewa

A ranar 30 ga Nuwamba, 2023, dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks ya rufe harkokinsa bayan shekara 10 yana aiki. Okechukwu Ofili ne ya kafa shi a 2013, kuma marubutan Hausa da dama sun riƙa ɗora littattafansu a kansa, masu karatu na saye suna karantawa ta waya. Rufewar tasa ta fito da wata tambaya fili: idan dandalin da littafi ke zaune a kai ya gushe, ina makomar littafin?

Tambayar na da nauyi domin hanyar fitar da littafin Hausa ta sauya. A shekarun 1980 da 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe, marubuci kan rubuta labarinsa da hannu, ya kai wa mai buga keken rubutu ko kwamfuta, daga nan sai maɗaba'a, sannan shagunan littattafai. Ta wannan hanya ce ayyukan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino suka isa hannun jama'a. A yau kuwa, marubuta da yawa na fara littafi su kammala shi, su tallata, su sayar, duk a cikin wayar hannu guda.

Matsalar haruffa masu lanƙwasa

Ƙalubalen farko shi ne na haruffan ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Rashin su na sauya ma'ana: fada daban, faɗa daban, haka baki da baƙi, ko kafa da ƙafa.

Kwamfutocin farko ba su zo da waɗannan haruffa ba. A shekarun 1990, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro zubin haruffan Hausa na kwamfuta, abin da ya sauƙaƙa wa maɗaba'u da ɗalibai aiki. Sai dai dabarar wancan zamani ita ce a ari gurbin wata alama a ɗora mata harafin Hausa. Idan aka buɗe rubutun a na'urar da ba ta da wannan zubi, sai asalin alamar ta dawo. Shi ya sa har yanzu ake cin karo da qasa a maimakon ƙasa, ko xaya a maimakon ɗaya.

Maganin wannan shi ne tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya kuma ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. A tsarin, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, wadda aka fi amfani da ita a Jamhuriyar Nijar, kowanne na da gurbinsa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa a jerin harsunansa, haka ma manhajar Keyman ga masu aiki da kwamfuta. Rubutun da aka yi da su ba ya rikiɗewa, ko an kai shi Microsoft Word ko Google Docs ko shafin intanet.

Dandalin wallafa da ciniki

Bayan rubutu sai isarwa. Wattpad, wanda aka kafa a Toronto ta ƙasar Kanada a 2006, yana ba marubuci damar sakin labari babi-babi, masu karatu na bayyana ra'ayinsu a kan kowane sashe. A 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a kan kuɗi kimanin dala miliyan 600, abin da ke nuna cewa ikon irin waɗannan dandali na iya komawa hannun wasu ba tare da an shawarci marubutan da ke kansu ba.

Mafi yawan cinikin littafin Hausa na zamani kuwa a WhatsApp da Facebook da Telegram yake gudana. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta domin jan hankali. Wanda ke son ci gaba sai ya tura kuɗi ta asusun banki ko katin waya, a saka shi cikin zauren waɗanda suka biya. Zauren WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024, na Telegram kuma na kai wa 200,000. Akwai kuma tashoshin YouTube da ke karanta littattafai da murya, waɗanda suka kai labari ga mutanen da ba su iya karatun boko ba.

Wannan tsari ya kawar da kuɗin takarda da na maɗaba'a, ya kuma buɗe ƙofa ga matan da ke rubutu daga cikin gidajensu. Amma sauƙin turawa shi ne kuma sauƙin sata. Mutum guda da ya biya zai iya kwafe littafi ya watsa shi a wasu zauruka, wani lokaci ma a cire sunan mai shi.

Abin da doka ta tanada

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa da ayyukan da ke intanet. Ta ba mai aiki damar aika wa dandali sanarwa domin a sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba. Haƙƙin marubuci a kan littafinsa na tabbata da zarar ya rubuta shi, kuma yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya na da tsarin rajistar ayyuka ta intanet. Rajistar ba dole ba ce, amma tana zama hujja idan jayayya ta taso.

Ajiyar asali

Doka na iya hukunta ɓarawo, amma ba ta iya dawo da littafin da ya tafi tare da wayar da ta lalace ko layin da aka rufe. Labarin da aka rubuta kai tsaye a cikin WhatsApp saƙonni ne a warwatse, kuma tattara su aiki ne mai wuya.

Hanya mafi aminci ita ce marubuci ya rubuta aikinsa a manhajar rubutu, da haruffan Unicode, ya adana cikakken fayil ɗin a wuri fiye da ɗaya: a na'urarsa, a ma'ajiyar intanet irin su Google Drive, da kuma katin ajiya. Daga wannan fayil ne zai iya fitar da PDF domin bugawa a takarda, ko EPUB, wanda ke daidaita rubutu da girman fuskar waya.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, yana hannun ɗalibai har yau saboda an buga shi, an kuma adana kwafinsa a ɗakunan karatu. Littattafan wannan zamani ma na buƙatar irin wannan gata. Dandalin intanet aro ne, kuma Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.