Ajiyar yara a banki: littafin da ba mai dubawa

Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme da Kore Mai Ruwa, akwai iyaye da dama da suka buɗa wa ɗiyansu littafin ajiya tun suna goye. Mushen lakwal ya kan tsame jika biyu daga albashi. Mai noman dankalin turawa a fadamar Dallol Mawri ya kan ware wani abu bayan ciniki. Wata uwa kuma kuɗin barkar suna ta kai. Niyyarsu guda ce: ranar da yaro zai tafi karatu Yamai, ko ya nemi jarin kasuwa, ya tarar da abin da zai tashi da shi.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ma'aikaci na sane da ko wace dala ta albashinsa, ɗan kasuwa kuma ba ya kwana bai yi lissafi ba. Littafin yaro kuwa, cikin akwati yake kwance ƙarƙashin tufafin salla. Mai shi bai iya karatu ba tukuna, mai riƙonsa kuma ba ya buɗa shi sai ranar zubi. Kuskuren da aka yi a cikinsa na iya shekara goma ba wanda ya gani.

Yadda lissafin ke tafiya

Ba ko wane banki ke yanka kuɗin ruwan littafin ajiya yadda ya ga dama ba. A ƙasashe 8 masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, wanda Nijar ke ciki, ƙa'idar babban banki BCEAO ita ce kashi 3 da rabi cikin 100 a shekara. Ke nan wanda ya ajiye sefa 100.000 daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Disamba, ribarsa sefa 3.500 ce kafin a yi maganar haraji. A al'adar da bankuna da yawa suka gada daga Faransa, ana lissafi ne da rabin wata: kuɗin da aka zuba ranar 3 ba ya fara haihuwa sai ranar 16.

Harajin da ke bisa kuɗin ruwa ba mai ajiya ke kai shi da ƙafarsa ba. Banki ne ke cire shi tun a tushe, ya miƙa wa ma'aikatar haraji ta ƙasa, wato DGI. Shi ya sa takardar banki ke nuna lamba biyu: « intérêts bruts », ribar da ba a taɓa ba, da « intérêts nets », abin da ya rage bayan cirewa. Nawa ake cirewa, kuma wane irin ajiya aka yafe wa, dokar haraji ce ke faɗi, kuma dokar kasafin kuɗi ta ko wace shekara na iya sake ta.

Ta ina kuskure ke shiga

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar farko ranar buɗi take faruwa. In ma'aikaci ya rubuta ajiyar yaro cikin rukunin asusun yau da kullum maimakon littafin ajiya, na'ura za ta bi abin da aka gaya mata: babu riba, ga kuma kuɗin riƙo ana zarewa. Ta biyu ita ce ta harajin kansa: a cire shi da mizanin wani irin ajiya, ko a cire sau biyu, ko a ci gaba da tsohon mizani bayan doka ta canja. Ta uku, a karɓi kuɗin aikin da aka riga aka hana karɓa. Tun 1 ga Oktoba 2014, BCEAO ta wajabta wa bankuna yin wasu ayyuka kyauta, ciki har da buɗa asusu, ba da littafin ajiya, riƙon littafin, da rufe shi.

Wani zai ce: a kan dala ɗari za a tada jijiyar wuya? Mu ɗauki misali. Sefa 100.000 da aka bari shekara 18 a kan kashi 3 da rabi, riba na hawa kan riba, za su haura 185.000. In kuskure ya mai da lissafin kashi 3, abin da ya ɓace a shekarar farko sefa 500 ne kacal, amma a ƙarshe yaro zai tarar da wajen 170.000. Fiye da jika 15 sun tafi, kuɗin buhun hatsi a shekarar albarka. A bankin da ke riƙe da dubban littattafai, a lissafa abin da kuskure guda zai tara.

Akwai kuma haɗarin mantuwa. A dokar ƙasashen sefa, ajiyar da ta yi shekara 10 mai ita bai motsa ta ba, bai kuma ba da labarinsa ba, ana mai da ita BCEAO. Kuɗin ba su ɓace ba, amma karɓo su sai da takardu da zirga-zirga. Wane littafi ya fi na jariri kusa da wannan hali, musamman in uban da ya buɗa shi ya rasu ba wanda ya san da shi?

Tsohon miki

Dattawan Arewa ba su manta ba. A 1990 bankin BDRN ya durƙushe, Sonibank ta taso a gurbinsa. Cikin shekarun nan ne kuma ajiyar talakawa ta maƙale a asusun tanadi na gidan waya, masu littafi suka yi ta sintiri. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya ga wannan, in ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ya sayi tunkiya ya ɗaure wa ɗansa, ba a ganin laifinsa. Yau akwai asusun lamuni na ƙasashen sefa, wanda aka kafa a 2014, mai biyan mai ajiya har sefa 1.400.000 in banki ya faɗi. Amma lamunin faɗuwa ne, ba ya gyara kuskuren lissafi. Wannan aikin mai littafi ne.

Abin da ya kamaci uba

Sau ɗaya a shekara, cikin watan Janairu bayan an zuba riba, a ɗauki littafin a kai reshe a sabunta shi. A tambayi abu uku: wane irin asusu ne, nawa ne ribar kafin haraji, nawa aka cire kuma bisa wace ayar doka. A je biron haraji a tabbatar da amsar. In lamba ba ta yi daidai ba, a rubuta wa shugaban reshe takarda, a sa ya buga hatimi a kan kwafi, domin maganar baka iska ce. In shiru ya yi yawa, sai babban biro a Yamai, bayansa kuma hukumar sa ido kan bankuna da ke Abijan. Kuma a sanar da uwar yaro ko wani amini cewa littafin na nan.

Ko wanda ba ya cin kuɗin ruwa saboda addini, wannan magana ta shafe shi, don ba zai iya fitar da abin da bai san yawansa ba, kuma kuɗin riƙo daga uwar dukiya ake zare shi. Dukiyar yaro amana ce a wuyan babba har ranar da zai iya sa hannu da kansa. Ranar nan zai buɗa littafin shafi-shafi, ya ga shekarun da aka duba da waɗanda aka yi sake.