WA YA MALLAKI DUNIYAR DODANNI?

A garuruwan ƙasar Kazaure, tun daga cikin birni inda ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu suke, har zuwa Roni da Gwiwa da Achilafiya, ba abin mamaki ba ne a tarar da samari sun yi cincirindo a gaban talabijin ko wayar hannu suna wasan na'ura. Da yawa ƙwallon ƙafa suke bugawa, amma akwai masu sha'awar wasannin takobi da sihiri da dodanni. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a Amurka da Turai irin waɗannan wasanni sun haifi littattafan hira masu yawa, waɗanda ake sayarwa kamar sauran littattafai.

Alal misali, kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da wasan Diablo a ƙarshen 1996. A cikinsa an ƙago wata duniya mai suna Sanctuary, inda 'yan Adam suke zaune a tsakanin runduna biyu masu gaba da juna tun fil azal, watau ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa. Da wasan ya sami karɓuwa, sai kamfanin ya nemi marubuta su cika labarin. A 2001 Richard A. Knaak ya wallafa Legacy of Blood, labarin wani sojan haya da ya tsinci sulken wani tsohon sarkin yaƙi a cikin kabari, sulken kuwa ya manne masa, ya riƙa jan sa zuwa zub da jinin da bai yi niyya ba. Daga baya ya ƙara da littattafai uku masu suna The Sin War a 2006 da 2007. Abin da ya sa ake kiransu baƙaƙen labarai shi ne, nasara a cikinsu ba ta zuwa da farin ciki, kuma ko rundunar da ake zaton ta alheri ce ba a gama amincewa da ita ba.

To, mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, jarumin da ya gwabza da Turawa sa'an nan ya faɗa ƙasashen aljannu. A 1951 Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi. Shi wannan Iliya asalinsa jarumin tatsuniyoyin Rasha ne, Ilya Muromets, amma Ingawa ya yi masa riga da rawani, ya mai da Kiev birnin Kib, Vladimir kuma Sarki Waldima, har yaran makaranta da yawa suka girma ba su taɓa zaton baƙo ba ne. Bayan rubutun Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini mai Kundin Tsatsuba da Nazir Adam Salih mai Kibiyar Ajali sun ci gaba da riƙe wannan hanya. Bambanci guda shi ne, jarumin Hausa in bokaye da aljannu suka yi masa ƙawanya, addu'a ce makaminsa na ƙarshe, kuma mai karatu ya san inda gaskiya take tun daga shafin farko.

Amma babban bambancin ba a cikin labari yake ba, a wajen mallaka yake. Ingawa bai nemi iznin kowa ba, domin Iliya na jama'a ne, kamar yadda Gizo da Ƙoƙi da macijin rijiyar Kusugu ta Daura suke na kowa da kowa. Duniyar Diablo kuwa dukiyar kamfani ce. Knaak, duk da gwanintarsa, ɗan kwangila ne a gonar wani: ba ya kashe babban dodo ko ya sauya tarihin wata daula sai masu wasan sun yarda, kuma abin da ya ƙago ya zama nasu. Yadda irin wannan dukiya take da tsada ya fito fili a 2023, sa'ad da Microsoft ya sayi Activision Blizzard a kan kuɗi wajen dala biliyan 69.

Akwai kuma labarin da ya bi ta ɗaya hanyar, watau daga littafi zuwa na'ura, kuma shi ya fi kamata marubutan Hausa su duba da kyau. Andrzej Sapkowski, mutumin ƙasar Folan, ya fara labaran maharbin dodanni da ake kira The Witcher a 1986. Da kamfanin CD Projekt ya zo neman iznin mai da su wasa, an yi masa tayin kaso daga riba, ya ƙi, ya ce a biya shi kuɗinsa a dunƙule, don bai yi tsammanin abin zai yi kasuwa ba. Wasan farko ya fito a 2007, na uku kuma a 2015 ya game duniya. A 2018 sai ga marubucin yana neman kamfanin ya biya shi zloty miliyan 60, kimanin dala miliyan 16, ba a kuwa daidaita ba sai a Disamba 2019.

Littattafan yaƙi na Hausa su ma sun bar takarda. Yanzu karanta su ake yi a YouTube, ana tura su ta WhatsApp shafi-shafi, kuma sau da yawa marubucin ba ya ganin ko kwabo. Nijeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet, kuma a ƙarƙashinta sayar da haƙƙin rubutu da baki a kasuwa, ba takarda, ba ya aiki. Matasan da ke koyon ilmin kwamfuta a Kazaure da Dutse su ne za su iya gina wasan farko a kan ɗaya daga cikin waɗannan birane na sihiri, kuma tambayar farko da lauya zai yi musu ita ce: wa ya sa hannu, kuma a kan nawa?