Hasken da ido ba ya gani

Ƴan'uwa masu karatu, idan dare ya yi kuma sama ta yi garau, ku ɗaga kai ku duba. Za ku ga wata da Zara. Za ku ga Kaza da ƴaƴanta. Sai ku ce kun ga duk abin da ke sama. To, ba haka ba ne. Akwai wani haske da ke fitowa daga sama wanda idon mutum ba ya iya ganinsa. Sunansa hasken iks. Ana rubuta shi da harafin X, wanda babu shi cikin baƙaƙen Hausa.

Kun riga kun san shi

Idan mutum ya karye, a asibiti sai a ce a yi masa "rediyo", wato hoton ƙashi. Da hasken iks ake ɗaukar wannan hoto. Yana ratsa fata da tsoka, amma ƙashi yana tare shi. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ne ya gano shi a shekara ta 1895.

A asibiti na'ura ce ke fitar da hasken. A sama kuwa abubuwa masu tsananin zafi ne ke fitar da shi. Aikin masana shi ne su tara shi, su auna.

Ku tuna da maƙera. Maƙeri ya sa ƙarfe a wuta, yaro yana zuga. Da farko ƙarfen ya yi ja. In zafi ya ƙaru ya yi rawaya, daga nan ya yi fari. Ashe launin haske yana gaya mana yawan zafi. In zafin abu ya kai digiri miliyon ɗaya ko fiye, sai ya riƙa fitar da hasken iks. Saboda haka, duk inda masana suka ga wannan haske a sama, sun san akwai gagarumin zafi ko ƙarfi a wurin.

Don me sai an hau sama?

Hasken iks na sama ba ya isowa ƙasa. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye shi. Wannan alheri ne a gare mu, don yawansa yana cutar da jiki. Amma ga mai bincike, dole ya aika da na'urarsa can bayan iska.

A 1949 masana a Amurka suka harba roka, suka ga rana tana fitar da hasken iks. A 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka gano shi yana zuwa daga wani wuri mai nisa ƙwarai, wajen taurarin da ake kira Kunama. A ranar 12 ga watan Disamba 1970 aka harba tauraron ɗan'adam na farko da aka ƙera don wannan aiki. Daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi, ranar bikin ƴancin ƙasar. Shi ya sa aka sa masa suna Uhuru, wato "ƴanci" da harshen Suwahili. Ya gano wurare fiye da 300 masu fitar da hasken iks. A 1999 aka harba wani babban madubin hangen nesa mai suna Chandra, wanda ya ɗauko hotuna masu kyau ƙwarai.

Me muka koya?

Na ɗaya, rana. Zafin fuskarta kamar digiri 5.500 ne, amma iskar da ke kewaye da ita ta wuce digiri miliyon ɗaya. Wani lokaci rana takan yi aman wuta. Hasken iks na wannan aman yana isowa cikin minti 8, ya dama iskar can sama. In haka ta faru da rana, akwatin rediyo mai gajeren zango sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Ba batir ne ya mutu ba.

Na biyu, baƙin rami. In tauraro mai girma ƙwarai ya mutu, yakan dunƙule ya zama wuri mai jan kome zuwa cikinsa. Ko haske ba ya kuɓuta. To, ƙaƙa za a ga abin da ba ya haske? Ramin yana zuƙo iska daga tauraron da ke kusa da shi. Iskar tana juyawa kamar guguwa, ta yi zafi, ta fitar da hasken iks kafin ta faɗa ciki. Ta haka aka gane wani baƙin rami mai suna Signus X-1. Nauyinsa ya kai na rana kamar sau 20.

Na uku, asalin ƙarfe. Wasu taurari fashewa suke yi in ƙarshensu ya zo. Chandra ya duba ɓurɓushin wani irin wannan tauraro, ya ga ƙarfe da farar wuta da kalsiyom, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Masana sun ce daga irin wannan ƙura duniyarmu ta samu nata. Ke nan ƙarfen hauyarku, da wanda ke cikin jininku, a cikin taurari aka dafa su.

Kun gani, ido yana da iyaka. Kafin ku koyi karatu, baƙaƙe suna nan bisa takarda, amma ba su ce muku kome. Haka hasken iks yake. Ya daɗe yana zuwa, sai da mutane suka koyi karanta shi.

Tambayoyi

1. Me ke hana hasken iks na sama isowa ƙasa?
2. Daga wace ƙasa aka harba Uhuru?
3. Ƙaƙa ake gane inda baƙin rami yake?